'Yar robar da ke ƙasan aljihu

A bakin ɗakin gwaje-gwaje na kusan kowane asibiti akwai benci, kuma a kan bencin ba ka rasa wani magidanci riƙe da ledar ruwa. An ba shi 'yar roba mai murfi an ce ya kawo fitsari, shi kuwa bai daɗe da zagayawa ba, don haka ya aiki yaro ya sayo masa ruwa, yana ta ɗirka yana jiran mara ta cika. In ta cika sai ya miƙe ya nufi banɗaki, ya dawo da robar a naɗe cikin takardar likita ko a can ƙasan aljihun jamfa, ya miƙa ta taga ba tare da ya haɗa ido da kowa ba. Wanda ya zo gwajin suga ba ya ɓoye tasa haka. Mai ɓoyewa galibi zafin fitsari ne ya kawo shi, kuma da wuya a ce a makon ya fara ji.

Kafin ya iso bencin nan ya biya ta wurare. Ya fara da kemis ɗin unguwa bayan sallar isha'i, ya tsaya gefe yana duba wayarsa har mata da yara suka watse, sannan ya matso ya rage murya.

"Malam, ɗan sanyi ne ke damuna."

"Subhanallahi. Yallaɓai, akwai ruwa, ko zafin ne kawai?"

"Da asuba nakan ga kaɗan."

"To na nawa za a ba ka?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ke ɗaga mini hankali, domin aljihu ne ya yanke yawan maganin, ba cutar ba. An ƙirga masa kafso na kwana biyu ko uku a 'yar leda, ya sha, zafin ya lafa, ya yi hamdala. Bayan mako biyu abin ya dawo. Sai allura. Sai jarkar mai lasifika a tasha, wadda aka ce tana wanke sanyi ko na shekara nawa ne. Sai wani aboki ya ce a gwada Ampiclox. Wata uku, wata shida, mutum na tafe da ɗan raɗaɗi a bakin gabansa, da ƙaiƙayi can ciki inda hannu ba ya kaiwa, da ɗigon ruwa a wando, kuma babu wanda ya taɓa duba mene ne ainihin abin.

Abin da yake ji kumburin bututun fitsari ne, wato hanyar da ta taso daga mafitsara ta fito waje. Ƙwayoyin cutar da ke haddasa shi ta hanyar saduwa ba ɗaya ba ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wadda aka fi sani ita ce gonoriya, da wani likitan Jamus, Albert Neisser, ya gano a 1879. Ita ba ta da ɓoye-ɓoye a jikin yawancin maza: cikin kwana biyu zuwa biyar sai ga ruwa mai kauri kamar mugunya, da zafi mai sa mutum ya cije leɓe. Akwai kilamidiya, mai zuwa a hankali bayan mako ɗaya zuwa uku, da ruwa tsararo kaɗan, ko ma babu wata alama sam. Akwai tirikomonas, wata 'yar halitta mai iyo wadda ta fi damun mata amma takan zauna a jikin namiji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an sami sababbin kamuwa miliyan 156 da tirikomonas, miliyan 129 da kilamidiya, miliyan 82 da gonoriya, tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Mutumin kan bencin nan yana ganin shi kaɗai ne a duniya, alhali fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke kamuwa da irin waɗannan cututtuka masu warkewa a kowace rana.

Ledar ruwan da ke hannunsa ita ce ta fara jan hankalina. Gwajin fitsari iri biyu ne, kuma yadda ake tarar fitsarin ya saɓa gaba ɗaya. In ana neman cutar mafitsara, sai a ce mutum ya zubar da na farko ya tari na tsakiya. In kuwa cutar saduwa ake nema a bututu, na farkon nan shi ne abin so, ɗan kaɗan, kamar cikin cokali biyu na cin abinci, bayan mutum ya riƙe fitsarinsa aƙalla awa ɗaya, in da hali biyu. Fitsarin farko kamar ruwan farko na damina ne a indararo, shi ke kwaso duk abin da ya taru. Wanda ya zagaya minti ashirin da suka wuce, sannan ya cika cikinsa da ruwa, sannan ya zubar da na farko don yana son ya kawo mai tsabta, ya riga ya wanke shaidar da aka aike shi ya kawo. Ba laifinsa ba ne. Da kyar za ka ji an tsaya an yi masa wannan bayani a taga, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba.

Sai kuma abin da aka rubuta a takardar. Gwajin da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji shi ne a shuka fitsari a faranti, a jira kwana biyu ko uku a ga abin da zai tsiro. Kilamidiya ba ta tsirowa a wannan faranti ko kaɗan, domin a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum take rayuwa. Gonoriya tana tsirowa, amma sai an goga ɗan tsinken auduga a bakin bututun, an shuka nan take a faranti na musamman, don ba ta jure iska da bushewa. Saboda haka sakamako yakan fito da ɗayan biyu. Ko a ce ba a ga komai ba, mutum ya koma gida da zafinsa yana mamaki. Ko a ce an ga "sitaf".

Kan wannan sitaf ɗin an ci kuɗin mutane ba kaɗan ba. Ƙwayar cuta ce da ke zaune a fatar mutane da cikin hancinsu lafiya lau, kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita bai sani ba. In ta shiga rauni ko jini tana yin mummunar ɓarna, wannan gaskiya ne. Amma ganinta a robar fitsari sau da yawa daga hannu ko fatar gaba ta faɗa, kuma likitoci ba sa lissafa ta cikin cututtukan saduwa. Duk da haka za ka ji ana shelarta a rediyo da bangon makarantu, an jingina mata ciwon baya da saurin kawowa da rashin haihuwa da jin abu na yawo a jiki. Mutum ya riƙe takarda mai hatimi, ya shekara yana yaƙi da abin da ba shi ke cinsa ba, ainihin cutar kuwa tana nan ba a taɓa ta ba.

Gwajin da ke gano waɗannan cututtuka da kyau shi ne wanda ke neman ƙwayar gadon cutar kanta, wanda jama'a suka san sunansa lokacin korona, wato PCR. Ba ya buƙatar a zura wa mutum komai, fitsarin farkon nan ya isa. Na'urar GeneXpert da aka raba wa asibitoci da yawa a Nijeriya saboda tarin fuka tana iya gano gonoriya da kilamidiya cikin kimanin awa ɗaya da rabi, in an sami kwanson gwajin da ya dace. Matsalar ita ce kwanson da kuɗinsa. Shi ya sa tun shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar da ma'aikatan lafiya a ƙasashe irin namu su yi magani bisa alamu: namiji ya zo da ruwa a gabansa, a ba shi maganin gonoriya da na kilamidiya a tare, allurar seftiriyakson da ƙwayar doksisaikilin ta kwana bakwai. Tsari ne mai hankali a zuwan farko, kuma ya warkar da mutane da yawa. Amma tsarin bai ce a yi ta maimaita wa mutum abu ɗaya har ya gaji ba. Wanda ya sha magani daidai, alamu suka ƙi tafiya ko suka dawo, shi ya cancanci a zauna a yi masa tambayoyi, a duba shi, a tura shi inda ake gwajin gaske ko da zai shiga mota zuwa asibitin koyarwa. Kuɗin da ya kashe a kafso da jarkoki cikin wata shida galibi ya isa wannan tafiya.

In zafi ya ƙi tafiya, abu na farko da likita nagari zai tambaya ba sunan wata sabuwar cuta ba ne. Zai ce, "Alhaji, iyali fa, an yi musu magani?" Nan ne shiru ke sauka.

Yawancin matan da ke ɗauke da kilamidiya ba sa jin komai, haka ma da yawa masu gonoriya. Maigida ya sha maganinsa ya warke, ya koma ɗaki, ya sake ɗauka. In matansa biyu ne ko uku, cutar na bin ranakun girki tana zagaya gidan. Ƙa'idar a fili take: duk wadda aka sadu da ita cikin kwana sittin kafin alamu su bayyana a yi mata magani, ko tana jin ciwo ko ba ta ji, kuma a ƙaurace wa shimfiɗa har kwana bakwai, sai kowa ya gama nasa. Faɗar wannan a ofishin likita abu ne mai sauƙi. Faɗarsa a tsakar gida shi ne aiki, domin namiji ya san tambayar da za ta biyo baya, wani lokaci kuma shi ne zai juya ya tuhumi matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Akwai abin da ya kamata ma'aurata su sani kafin a fara nuna yatsa. Kilamidiya kan zauna a jiki wata da watanni, har ta haura shekara, ba ta yi motsi ba. Tirikomonas ma haka. A al'ummar da ake aure a rabu a sake aure, cuta na iya shigowa gida daga auren baya, na miji ko na mata, ba tare da wani ya ci amanar wani ba. Gwajin kafin aure, irin wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, yana duba ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila, kuma abu ne mai kyau. Sai dai gwajin jini ne, gonoriya da kilamidiya kuwa ba a jini ake neman su ba. Takardar da aka kai wajen ɗaurin aure ba ta ce komai a kansu ba.

Wanda kuwa ya san daga waje ya kwaso, nauyin da ke kansa ya fi na kowa, kuma ba na ganin akwai kunyar da ta kai a bar mace da cuta a mahaifa. Namiji yana da zafi mai tuna masa, ita ba ta da shi. Cutar na hawa a hankali zuwa bututun ƙwai ta toshe shi, sai ciwon mara da ba ya ƙarewa, sai ciki a wajen mahaifa wanda kan kashe mace cikin dare ɗaya, sai shekaru babu haihuwa. Dangi su ce juya ce, a fara yi wa maigida zancen ƙarin aure. Jaririn da ya biyo ta hanyar da ke da gonoriya kan tashi da ido cike da mugunya cikin kwanakin farko, in ba a yi sauri ba ya makance. Wasu mazan sukan sayo maganin su ce wa matar na shawara ne ko na zazzaɓi. Gara haka da shiru, amma mace mai ciki ba ta shan doksisaikilin, kuma wadda ba ta san me take sha ba ba za ta ga dalilin ƙarasa shi ba. Hanya mafi aminci ita ce su je tare, likita ya yi bayanin da bakinsa.

In an tabbatar kowa ya sha magani, sai a waiwayi cutar kanta. Gonoriya ta daɗe tana cinye magunguna ɗaya bayan ɗaya: salfa, fenisilin, tetirasaikilin, sannan sifuro, wanda Amurka ta daina ba da shawarar amfani da shi a kanta tun 2007 amma har yau ake miƙa shi a kemis. A 2018 an sami wani mutum a Ingila da ya kwaso irin da ta bijire wa manyan magunguna biyu da ake dogaro da su a lokacin. Kowane kafso na kwana biyu da aka sha aka bari, horo ne ake ba ta.

Sannan akwai wadda yawancin mutane ba su taɓa jin sunanta ba, maikofilasma. A farkon shekarun 1980 aka fara ware ta, daga jikin wasu maza biyu masu zafin fitsari a wani asibiti a Landan. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ba ta da ɓawon da fenisilin da danginsa ke fasawa, don haka Ampiclox da allurar seftiriyakson ba sa yi mata komai. Doksisaikilin shi kaɗai yana kawar da ita a kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce ita ce ke bayan kimanin kashi 40 cikin ɗari na kumburin bututu mai naci ko mai dawowa. Ko a can sai a 2019 aka amince da gwajinta na farko, wanda ke nuna yadda ta daɗe tana wahalar da mutane a ɓoye. Maganinta hawa biyu ne, na biyun kuma mai ƙarfi ne da ke da nasa illoli, ba abin da za a saya a kan teburi ba ne. Tirikomonas kuwa Flagyl ɗin nan da kowa ya sani ne maganinta, amma sai an tuna da ita tukuna.

Wani lokaci kuma a yi duk gwajin da ya kamata, ya fito babu komai, zafi kuwa yana nan. Wannan ba ya nufin mutum ƙarya yake yi. Bututun da ya yi kumburi yakan ɗauki makonni kafin ya huce bayan cutar ta mutu. Shi kuma mai ciwon, saboda fargaba, kullum da asuba sai ya matsa gabansa ya ga ko ruwa zai fito, matsawar nan kuma ita kanta tana hana wurin warkewa. Wani ya wanke da Dettol ko sabulu mai kaifi, har da mai ɗura wani abu ciki. Wani direba ne ko ɗan kasuwa da ke wuni cikin zafin bazara bai sha ruwan kirki ba, fitsarinsa ya yi ja ya yi kauri, dole ya yi zafi. Akwai tsakuwar ƙoda, akwai suga. Akwai ciwon furostet, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsara wanda bututun ya ratsa ta tsakiyarsa. Yakan kawo nauyi tsakanin maraina da dubura da zafi bayan fitar maniyyi, kuma a mafi yawan masu shi babu ƙwayar cutar da za a kashe, sai dai a bi da wasu hanyoyi. Wanda ya taso yana wanka a kududdufi ko yana aikin shinkafa a fadamun Kura da Kadawa, in yana ganin jini a ƙarshen fitsari, a duba masa tsargiya, wadda ba ta da alaƙa da saduwa kuma maganinta na yini ɗaya ne.

Fargabar ita ma ciwo ce. Mutumin da ya yi abin da yake nadama yakan sa wa jikinsa ido har ya riƙa jin abin da da can ba ya lura da shi. Sai ya yi ta yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan. Ga irinsa, sanin lokutan gwaji yana kwantar da hankali. Gonoriya da kilamidiya ana iya dogara da sakamakonsu bayan mako biyu da saduwar. Ƙanjamau, da gwajin yatsa na gaggawa, sai an cika kwana 90 kafin a rufe magana; tunjere ma kusan haka. Duk wanda aka samu da ɗaya daga cikin cututtukan bututu ya kamata a yi masa waɗannan biyun, domin hanyarsu ɗaya, kuma kumburin yana sauƙaƙa wa ƙanjamau shiga. Bayan magani kuma kada a yi gaggawar maimaita PCR kafin mako uku, don yakan tsinci gawar cutar ya ce tana nan. A wata na uku ake so a dawo a sake dubawa, saboda sake kamuwa ya yi yawa.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Maraina ya kumbura yana zafi, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon mara, ko fitsari ya tsaya cak. Haka in ƙarfin fitsari ya riƙa raguwa yana fita siriri ko ya rabu biyu, domin gonoriyar da aka daɗe ana wasa da ita takan bar tabo ya tsuke bututun, daga nan kuma zance ya bar hannun kemis ya koma ɗakin tiyata.

Wanda zai je ganin likita gobe, ya tattara fankon duk maganin da ya sha ya tafi da su, har da jarkar tasha. Ya tuna ranar da ya sha na ƙarshe, don maganin da ke jiki yana iya ɓoye cutar a gwaji. Ya faɗi yawan matansa da ranar da abin ya fara, da ko an sadu ta baki ko ta baya, domin gonoriya kan zauna a maƙogwaro da dubura kuma fitsari ba ya nuna ta can. Ya riƙe fitsarinsa tun daga gida, in an miƙo robar kuma ya tambaya: na farko ake so ko na tsakiya.